Malam Bai Manta Sunan Kowa Ba

Tun da muka dawo daga maƙabarta hannuna bai huta ba. Rumfar da Baffa ya sa aka kafa a ƙofar gida ta yi kaɗan, sai da aka aro tabarmin masallaci aka shimfiɗa har bakin kwata. Mutanen Tozai sun zo a bayan a-kori-kura, na Araba a kan babura, dangin Ƙonni kuwa suka ƙetaro da manyan rawunansu duk da zafin bazara. Kowa ya durƙusa a shafa fatiha, ya ce ya haƙuri, in ce da godiya, ya matsa wani ya zo. Tun ina gane fuskoki har na koma ina ganin hannaye kawai.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne yabon, domin duk bakinsu ɗaya. Wani tsohon direba ya ce rabonsa da aji tun yana ɗan mitsitsi, amma da Malam ya hango shi a tasha sai ya kira shi da sunan yankansa. Wani dattijon Bafulatani ya jingine sandarsa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ni ko aji biyu ban gama ba," in ji shi, "shanu sunka janye ni. Amma da munka haɗu kasuwar shanu bara waccan, sai yac ce min sunana, da na ubana, da na rugarmu. Har na ji kunya."

Da la'asar wani babban ɗan siyasa ya iso da jerin motoci, aka tashi talakawa daga tabarmar gaba. Ya ce jiha ta yi rashin uba, ya ce Onarabul mutum ne da bai taɓa manta sunan kowa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa, ko da yake na tabbata a mota aka gaya masa.

Ina jin su ina gyaɗa kai. Ni ne ɗan farin Malam, kuma na haura hamsin a duniya ina jiran in ji sunana a bakinsa.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A gidajen da, ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi su kau da kai, in an ce ga ɗanku su ce na wane ne. A wasu gidajen abin yakan yi sauƙi da yaro ya girma. A namu bai yi ba, kuma asalin wannan daga Kaka ne.

Kakanmu namiji farke ne, yana ɗauko kanwa da gishiri daga arewa ya koma da goro. Gida biyu gare shi, ɗaya a Ƙonni ɗaya a Illela, kuma har ya mutu bai yarda cewa ƙasashe biyu yake kwana ba. Yakan ce iyaka ce ta zo ta same shi. Kaka kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a wajen Araba, ta shigo gidan da ƙorenta na nono da kunyar da ko Fulani sai sun ce ta yi yawa. 'Ya'yanta kusan duk sun sha wannan kunyar a nono, amma Malam ya fi kowa ƙoshi.

Yadda aka yi ya shiga boko, ɗan'uwansa Baffa ne yake ba da labarin, kuma ba ya gajiya da shi. Wai Kakanmu ya taɓa aiken Malam kasuwa da akuya. An yi ciniki an gama, mai saye ya kama igiya, sai yaro ya ce masa gaskiya fa tana tari. Aka dawo da akuya gida. Da dogarawan hakimi suka zo neman yaro ɗaya daga kowane gida, Kakanmu bai yi dogon tunani ba. Ya ce, "Ga wanga, ba ya kasuwa. A ba Nasara." Sauran 'ya'yan suka zama 'yan kasuwa da 'yan canji, Baffa har yau yana zaune a bakin iyaka da sefa a aljihun gaba da naira a na gefe. Wanda aka yar ya tafi makarantar horon malamai, ya dawo da keke da alli.

Da aka yaye ni, sai aka kai ni Ƙonni wurin Gwaggo, yayar Malam. Ita kam kunyar Kaka ta tsallake ta. Takan ƙwala mini kira tun daga bakin rijiya har maƙwabta su amsa. A hannunta na yi wayo, kuma ita ta dawo da ni da na isa shiga aji, ta ce da a sa ni lakwal, bokon can, in dawo ina yi mata Faransanci gara in je inda ubana yake. Tun daga ranar na samu sunan da Malam zai riƙa kirana da shi: ɗan Yaya. In yana kusa da ni kuwa, ko wannan ba ya bukata. Sai ya ce "kai", yana duban wani wuri.

A Tozai yake hedimasta lokacin. Makarantar ɗakunan ƙasa ce da gindin wata tsamiya, kuma yawancin yaran shi ya roƙo su da bakinsa, gida gida, ruga ruga. Da damina yakan jinkirta shiga aji har rana ta ɗaga, don yara su taya iyayensu noma tukuna. Mai duba makarantu ya taɓa yi masa faɗa a kan haka, Malam ya ce masa in ya ga dama ya zo da safe ya koyar da kujeru. Ranar kasuwar Illela kuwa yakan jingine kekensa a rumfar mai shayi yana kallon masu wucewa. Yaron da ya gudo daga aji yana tallar rake, sai ya ji an kira shi daga bayansa, a hankali, ba tsawa. Ba ya duka sosai. Abin da yakan ce wa malamansa shi ne yaro ba ya dakushewa, sai dai malami ya gaji.

Da safe shi yake kiran suna. In ya zo kaina sai ya yi shiru, ya ɗago ido ya ga ina nan, ya wuce na gaba. 'Yan ajinmu suka mai da abin wasa, in sun gan ni sai su buɗe baki su rufe, su fashe da dariya. Shekarar da na zo na ɗaya aka tara iyaye a gindin tsamiya. Malam ya karanto na uku, ya karanto na biyu, sai ya miƙa wa mataimakinsa takardar, ya ce bari ya je ya duba ko an rufe rijiya. Daga inda nake tsaye ina hango bayansa, yana leƙen rijiyar da kowa ya san a rufe take. Aka tafa mini, na karɓi littafi da fensir, na koma na zauna. Na yi kuka a ranar, a bayan ajin, kuma ban gaya wa kowa dalili ba.

Ba zan ce bai kula da ni ba, zunubi ne in faɗi haka. Sai dai in yana son ya ba ni abu, dole duk unguwa ta samu. Ya ga ƙafata ta tsage da kaushi, sai ya sayo takalman roba cikin buhu ya ce a raba wa yaran layinmu, har da ɗan Yaya in ya rage. Kullum kuwa yakan rage, kuma daidai ƙafata. Da ya samu babur, ƙannena su ya ɗauka a gabansa, su ya yi wa laƙabi, autarmu har gemunsa take ja. Ina tsaye ina kallo, ina sanye da takalmin da ya rage. Inna, Allah ya jiƙanta, ita ma ba ta kiran sunana, amma ita mace ce mai dabara, takan aiko ƙanwata da fura ta ce a ba mutumin Ƙonni.

Da aka dawo mulkin farar hula, dattawan ƙauyuka suka yi ta zarya a zaurenmu har ya yarda ya tsaya takarar majalisar jiha. Bai iya kamfe ba. Yakan hau mota a ba shi lasifika, maimakon alkawari sai ya hau tambayar jama'a ina wane, ya gama makarantar kuwa, wance fa an bar ta ta ci gaba? Da wannan ya ci zaɓe, domin rabin masu jefa ƙuri'a ya taɓa goge musu majina.

A Sakkwato bai canza ba, kuma wannan ne ya cuce shi. Magana ɗaya ya je da ita, rufin azuzuwan ƙauye da malaman da ake turawa karkara su ƙi zuwa. Ko ana zancen hanya ne ko asibiti, in ya miƙe sai ya karkato da shi kan kwanon rufi, har abokan aikinsa suka sa masa Mai Kwano. An ce in ɗan majalisa yana gyangyaɗi Malam yakan tsaya da magana ya kira sunansa, ya jira ya farka, sannan ya ci gaba. Manya ba sa yafe irin wannan. Ya samo wa makarantu kaɗan rufi, iskar farkon damina ta kwashe wasu tun yana kan kujera. Da zaɓe ya zagayo jam'iyya ta ba wani tikiti, shi kuma ya dawo Illela da tsohuwar motarsa da hawan jini.

A shekarun majalisar nan ne aka yi rigimar da ban manta ba. Na gama karatun aikin gona, na nemi aiki har takalmina ya cinye, na haƙura na koma kabu-kabu, ina ɗaukar fasinja daga tasha zuwa bakin iyaka. A lokacin zaurenmu cike yake duk ƙarshen mako. Malam yakan taka da ƙafarsa ofis ofis saboda 'ya'yan mutane, wannan a ɗauke shi malanta, wancan a ba shi gurbin karatu. Wata rana na sauke fasinja a bakin iyaka sai ga Gwaggo tana ƙetarowa. Ta dube ni, ta dubi babur ɗin, ta ce in kai ta gidan ƙanenta.

Ba ta shiga cikin gida ba. A zaure ta tsaya, gaban mutane, ta ƙi zama.

"Onarabul," ta ce, "ɗiyan duniya duka ka san sunansu. Wanga da ka haihwa fa? Shina yawo bisa babur cikin rana kamar marar gata."

Malam ya sunkuyar da kai. "Yaya, ki shiga ciki ki sha ruwa."

"Ba ni sha. Ni na haihe shi? Riƙo anka ba ni. Ɗanka na, ka buɗe baki ka roƙa mai kamar yadda kaka roƙa ma na wasu."

"Yaya, da wane baki? In shiga ofishin mutum in ce mi? In ce ga..." Sai ya tsaya. Ko a nan bai iya ƙarasawa ba.

"Ka ce mi? Hwaɗi mu ji."

Mutanen zaure suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bakin ƙofa riƙe da makullin babur, ina jin kamar ƙasa ta tsage. Amma ƙarya nake in na ce ban kasa kunne ba. Na ɗauka yau Gwaggo za ta matse shi har ya faɗa. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce, "Allah shi buɗa ma ɗan Yaya." Gwaggo ta ja mayafinta ta fita, ta ƙi hawa babur ɗina, ta tafi bakin iyaka a ƙasa. Ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba, sai rasuwar Inna ce ta dawo da ita.

Daga baya na samu aikin malamin gona a ƙaramar hukuma. Na so a ce wata rana na gano da hannunsa a ciki. Na bincika, babu. Wani abokin Baffa ne ya yi mini hanya. Na riƙe Malam a zuciya a kan wannan, na daɗe ina gaishe shi a tsaitsaye, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba. Haushin ya gaji don kansa ya kwanta, kamar yadda ciwon baya yake kwanciya.

Bayan ya bar siyasa ya koma zama a dakalin ƙofar gida da rediyonsa. Tsofaffin ɗalibai suna tsayawa su gaishe shi, yana tambayarsu iyayensu da ƙannensu ɗaya ɗaya. Ni nake kawo masa magani, ni nake kai shi aski, ni nake zama kusa da shi ranar Juma'a. Mukan yi hira sosai a shekarun nan, a kan taki da farashin albasa da tsutsar gero, yana magana yana kallon titi. Na saba. Amma ko da furfura a kaina, in ya buɗe baki zai kira wani, sai na ji zuciyata ta ɗan tsaya.

Bara ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Muka kai shi asibiti a Sakkwato, ni da ƙanwata. Da ya farfaɗo wani matashin likita ya zo duba ko hankalinsa na nan. Yaro ne mai ladabi, ɗan birni, ya durƙusa a gefen gado yana ce masa Baba. Ya tambaye shi garin da muke, ya faɗa. Ya tambaye shi aikinsa, ya ce malami, bai ko ambaci majalisa ba. Ya nuna ƙanwata, Malam ya faɗi sunanta da bakinsa da ya karkace, har da na mijinta. Sai likita ya nuno ni.

"Wannan fa, Baba? Wane ne?"

"Ɗan Yaya na."

Likita ya dubi ƙanwata, ta ce masa ɗansa ne na fari. Ya matsa kusa, ya ɗaga murya kaɗan.

"Baba, duba shi da kyau. Mene ne sunansa?"

Ga abin da na jira tun ina yaro, likita ya roƙa mini shi kyauta. Amma a cikin shirun nan na tsinci kaina ina addu'a kada ya faɗa. Na gane a tsaye a wurin cewa in har ya buɗe baki ya faɗa, a gaban baƙo, to ba Malam ba ne, wani ne a kwance a gadon. Malam ya dube ni, abin da ba ya cika yi ba, sannan ya juyar da fuskarsa bango.

A waje likita ya yi mana bayani cikin tausayi. Ya ce mantuwa ta fara shigarsa, tunda ga shi ya ɗauke ni ɗan yayarsa, mu yi haƙuri, haka ciwon yake. Ƙanwata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ya ɗauka kuka take. Ban yi masa bayani ba. Na gaji, kuma marasa lafiya na jiransa a layi. Na sayi lemo na koma ɗakin da farin cikin da rabona da irinsa tun kafin ya faɗi.

Muka dawo da shi Illela. Mantuwar da likita ya yi wa riga malam masallaci ta iso da ƙafarta bayan watanni. Ta fara da jikoki, ta ci maƙwabta. Tsofaffin ɗalibai sukan zo su durƙusa suna jiran ya kira su, ya yi ta kallonsu yana murmushi, su tashi jiki a sanyaye. Masu yabonsa a rumfa sun san da wannan, sun dai zaɓi su tuna da na da, kuma ban ga laifinsu ba. Ni kaɗai ne ban damu ba. Duk safiya in na shiga na gaishe shi ya kau da kai ya ce "kai", sai in san yana nan.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya sa alli da tafiyar ƙafar da ya yi saboda 'ya'yan mutane su tsaya masa. Ya haɗa shi da Inna da Kaka a inda babu ciwo. Mu da muka rage Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Akwai abin da ban faɗa a rumfa ba. Ana saura 'yan makonni ya cika, wata rana da hantsi ina ɗakinsa ina rage masa gemu da almakashi, Baffa na zaune a bakin gado yana ba shi labarin kasuwa. Malam ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, babu ko ɗigon kunya, ya kira sunana. Ya ce in miƙo masa ruwa. Sunan ya fito masa da sauƙi, kamar na kowa. Baffa ya yanke maganarsa ya sunkuyar da kai.

Na amsa. Na tallafo kansa na ba shi ruwan, ya sha, ya sake kiran sunan ya ce Allah shi yi albarka. Na ƙarasa gyaran gemun don ban ga dalilin barinsa rabi ba. Sannan na fita zaure na nemi layin Ƙonni, ya ƙi shiga, na sake nema har ya shiga.

"Lahiya?" in ji Gwaggo. "Ya jikin nashi?"

Na ce, "Gwaggo, yau Malam ya kira sunana."

Sai na ji muryarta can ƙasa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Ka turo babur bakin iyaka, ga ni nan tahe."